Muryar Baba a Lasifikar Ofis

Ofishin yana hawa na biyu, a saman wani shagon tayoyi, shi ya sa ko an kunna na'urar sanyaya ɗaki warin roba ba ya barin hancin mutum. A nan Auta take aiki. Sunan gida ne, amma ya biyo ta har wurin aiki tun ranar da yayanta ya zo ɗaukarta, ya tsaya a ƙasan bene yana ƙwala mata kira kamar tana bayan gari.

Kamfanin na talla ne, sai dai ba ruwansu da allunan bakin titi. Wayoyin mutane suke bi. In mai kaya ya zo yana neman masu saye, su ne za su tono masa mutanen da suka fi kusa da sa hannu a aljihu, su tura musu saƙo daidai lokacin da zuciyarsu ta yi laushi. Aikin Auta shi ne rubuta kalmomin. Allah ya ba ta baki, kowa ya shaida. Manaja yakan ce da ita ce za ta rubuta wa mutum takardar kora, sai ya dawo yin godiya.

Abin da kamfanin ya fi taƙama da shi wata manhaja ce da mutane ke kira likitan waya. Kyauta ake sauke ta. Mutum zai danna "na amince" a ƙasan wani dogon rubutu da ba mai karantawa, sannan ya faɗi abin da ke damunsa, a rubuce ko da murya. Babu likita ko ɗaya a bayanta. Na'ura ce ke tsintar kalmomi, ta zaɓo amsa daga cikin waɗanda Auta ta rubuta ta ajiye. "Sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi." "Kada ki ji kunya, Hajiya, tsakanina da ke ne." Bayan sannun sai tallar magani ta biyo, daga kamfanin da ya fi biya.

Auta ta san duk wannan. Ta daɗe da lallashin kanta cewa ita dai kalmomi take haɗawa, kuma kalma mai daɗi ba ta taɓa kashe kowa ba.

Akwai wata ɗabi'a a ofishin da ba ta so. Dogo, wanda ke kula da rumbun bayanan, an ba shi damar sauraren saƙonnin murya don ya duba ko na'urar tana fahimtar abin da ake faɗa. Shi kuwa sai ya mayar da abin wasan kwaikwayo. Lokacin abincin rana, in an taru a dogon teburin da ke kusa da taga, zai jona wayarsa da ƙaramar lasifika ya saki wanda ya fi ba shi dariya. Matar da take tambayar ko warin bakin mijinta ciwo ne ko hali. Saurayin da gashin kansa ke zubewa yana kuka. A yi ta ƙyaƙyata dariya har shinkafa ta sarƙe wani. Auta takan toshe kunne da abin jin waƙa. Wani lokaci kuma, in gaskiya za a faɗa, takan bar kunne ɗaya a buɗe.

Ranar da abin ya faru ta manta abin kunnen a gida.

"Ku matso ku ji wani tsoho," in ji Dogo yana lasar cokali. "Wallahi wannan ya ci kofi. Har iyalin likita yake gaisarwa."

Lasifikar ta yi ɗan shuu, sai aka ji gyaran murya, irin na mutumin da ya saba tsayawa gaban jama'a.

"Assalamu alaikum, likita. Ina fata ka tashi lafiya, da iyali. To, madalla."

Teburin ya fashe da dariya. Cokalin Auta ya tsaya a hanya, tsakanin roba da baki.

"Maganar dai da na yi maka rannan ce. Abin bai sauƙaƙa ba. Fitsarin yana zubo mini ban sani ba, wani lokaci ina zaune, wani lokaci ina barci. Na sha maganin da ka turo, kwalba ta ƙare, na sake saye. Ban faɗa wa yarana ba. 'Yata ce take tare da ni a gida, ka ga ai bai dace ba. Nakan wanke shimfiɗar da kaina kafin ta tashi, in shanya a bayan ɗaki."

"Ku saurari nan, ku saurari nan," Dogo ya ce yana ɗaga yatsa. "Yanzu zai ba da labarin wandon."

"Kashe," in ji Auta.

"Haba, ƙarshen ne ma..."

"Na ce ka kashe!"

Ba ta jira shi ba. Ta miƙa hannu ta fizge igiyar, lasifikar ta faɗo ƙasa ta gangara ƙarƙashin kujera. Kowa ya zuba mata ido. Wata yarinya da ke karɓar baƙi har yanzu da sauran dariya a fuskarta, da maiƙo a leɓenta.

"Mahaifina ne," ta ce.

Can Dogo ya ajiye cokali, ya shafa ƙeya.

"Innalillahi. Auta, wallahi tallahi da na san naki ne da ban saka ba."

Wannan maganar ta fi dariyar yi mata ciwo. Ta tashi da sauri ta nufi banɗaki, ta durƙusa ta amayar da duk abin da ta ci. Ta daɗe tana kurkure baki, amma ɗacin ya ƙi tafiya.

Mahaifinta tsohon hedimasta ne. Har yau in ya bi titi, manyan mutane masu furfura sukan rage tsawo su gaishe shi. Tun rasuwar mahaifiyarsu su biyu suke zaune a gidan. A watannin nan ta lura ya daina sa fararen kaya, shi da ba ya fita sai da fari ƙal mai karin guga. Ya daina zuwa bencin da abokansa ke zama a ƙofar shagon aski. Ya hana ta share masa ɗaki, wai motsa jiki yake so. Kwalaye kuma suna ta zuwa a babur, ya karɓa da kansa ya shige da su, ita ta ɗauka littattafai ne. Duk ta gani, ta ce tsufa ne da kewa. Ashe abin da ya ɓoye wa 'yar da ya haifa, yaran da ba su wuce sa'annin 'ya'yan ɗalibansa ba suna cin abinci da shi.

Da ta fito, Manaja yana jiranta a ƙofar ofishinsa mai bangon gilashi. Mutum ne mai ƙamshi da tattausar murya, ba a taɓa jin ya ɗaga ta ba. Ya ja mata kujera da kansa.

"Na ji abin da ya faru. Dogo bai kyauta ba, zan ja masa kunne. Ki ba ni lambar Baba yanzu a goge shi daga rumbunmu. Ai ke ta gida ce."

"Sauran fa, Yallaɓai?"

"Wane sauran?"

"Iyayen mutane. Matan mutane. Su waye za su zo su goge su?"

Ya yi murmushi irin na mai fama da yaro. "Auta, ba mu yi wa kowa dole ba. Kowa da yatsansa ya danna ya amince. Lauyanmu ya duba rubutun nan layi-layi."

"Baba ya amince a saka muryarsa a lasifika ana cin shinkafa?"

"Na ce miki wannan kuskure ne." Ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa, ya buga lambar da ta faɗa. Sai ga mahaifinta a baje: shekarunsa, unguwarsu, irin wayarsa, lokutan da yake farkawa ya taɓa ta, hanyar da yake bi in ya fita, har da cewa fitar ta ragu. A gefe an sa shi cikin wani rukuni da aka yi wa laƙabi da masu jin kunya.

"Mene ne wannan?"

"Ah, wannan ai shi ne rukuninmu mafi albarka," in ji Manaja, har ya ɗan gyara zama don abin yana burge shi. "Mai jin kunya ba ya neman ragi. Ba ya dawo da kaya. Ba ya kai ƙara, don in ya kai sai ya faɗi abin da ya saya. Kamfanoni rububinsu suke yi." Sai ya tuna da wa yake magana, ya yi tari. "To, ga shi na goge. Sai dai in gaya miki gaskiya, wanda ya riga ya fita ya fita. Masu magani sun saya, masu inshora sun saya, akwai kuma dillalai da ke sayar wa wasu. Wannan ba ya hannuna."

Ta miƙe tsaye.

"Af, kafin ki tafi," ya ce. "Akwai abokan hulɗarmu masu ƙunzugun manya, kaya mai kyau daga waje. Zan yi musu magana su riƙa ba Baba a farashin ma'aikata."

Ta dube shi. Da gaske yake, alheri yake ganin ya yi. Ta ɗauki jakarta ta sauka, ba ta ko kashe kwamfutarta ba.

Ba ta wuce gida ba. Ta san in ta haɗa ido da Baba a wannan halin zai karanta komai a fuskarta, kuma in ya san ta ji, ba ta san yadda zai ƙara zama da ita a falo ɗaya ba. Sai ta nufi shagon Yaya, babban wanta, mai gyaran kayan lantarki. Ta same shi ya tsugunna a bayan wani firji, da sukudireba a baki.

"Lafiya da ranar nan? Ko sun gane ba ki iya komai ba sun koro ki?"

Ba ta yi dariya ba. Ya dube ta da kyau, ya tashi ya goge hannu, ya jawo mata kujera. Ta ba shi labari, ta tsallake abin da za ta iya tsallakewa. Tana kaiwa wurin lasifikar ya ɗauki wata ƙatuwar sifana.

"Ina ne teburin wannan Dogon?"

"Yaya, zauna."

"Zan rage masa tsawo ne kawai, in dawo."

"In ka fasa masa kai, gobe duk gari ya ji dalili. Abin da Baba yake gudu ke nan. Asibiti za ka kai shi. Ni ba zan iya yi masa maganar ba, kai ne namiji."

Yaya ya ajiye sifanar, ya zauna a kan wata tsohuwar talabijin ya dafe kai. "Ni da nake zuwa gaishe shi kullum, ina ta ba shi labarin ƙwallo." Sannan ya ɗago. "Ke kuma, wannan likitan ƙaryar, wa yake rubuta masa maganganun?"

"Ni."

Ya koma bayan firjin ya yi ta taɓa wayoyin da ya riga ya gyara.

Washegari da safe Yaya ya zo gidan yana dafe da ƙugu, wai bayansa ke ciwo, yana tsoron allura, ko Baba zai raka shi asibiti. Baba ya sauke tabarau ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya ce akuya ta cinye masa littafi. Sannan ya kalli ƙofar kicin inda Auta ta laɓe tana wanke kofin da ba shi da datti.

"To," ya ce. "Bari in sa hula."

A asibiti Baba aka duba, likita ya ce wani kumburi ne a ƙasan mafitsara da ke samun maza da yawa in sun manyanta, kuma ana maganinsa. Da aka nuna masa kwalaben da Baba ke sha, ya jujjuya ɗaya, ya shinshina, ya tura ta gefe da bayan biro. Ya ce ba zai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki ba, amma jinkirin da aka yi ya fara taɓa ƙoda. Aka ɗora Baba a kan magani, aka sa ranar ƙaramin aiki. Yaya ya ce a hanyar dawowa, da suka kusa gida, Baba ya ce masa, "Bayan naka ya warke ke nan?"

Auta ta koma ofis sau ɗaya, don ta ajiye aiki. Ta roƙi Manaja a cire kalmominta daga manhajar. Ya ce ai an biya ta a kansu, yanzu dukiyar kamfani ce, kuma ƙofa a buɗe take duk ranar da ta huce. Ta kai koke hukumar da aka ce tana kula da irin wannan. Wata mata mai kirki ta saurare ta, ta girgiza kai, ta ce za a bincika, amma zai fi ƙarfi in shi mai muryar ya zo da kansa ya maimaita abin da ya faɗa. Auta ta yi godiya ta fito.

An yi aikin lafiya. Baba ya fara samun sauƙi, har ya fara zama a falo yana karɓar masu dubiya, waɗanda aka gaya wa cewa ɗan aiki ne aka yi masa a ciki. Wata ranar hutu da hantsi wasu tsofaffin ɗalibansa suka zo, manyan mutane, ɗaya ma da matarsa. Auta tana zuba musu shayi wayar Baba ta yi ƙara. Kunnensa ya yi nauyi, don haka kullum a lasifika yake amsawa.

"Barka da hantsi!" Muryar wata budurwa ce, zaƙi kamar an jiƙa ta a sukari. "Ina magana da Baba mai fama da zubar fitsari? Muna da sabon ƙunzugu wanda ba ya nunawa a cikin wando, ko a taro kake ba mai..."

Baba ya laluba maɓallin kashewa, yatsansa yana zamewa. Muryar ta ci gaba da bayanin yadda yake shanye lema da wari. Sai da Auta ta saki butar shayin ta karɓi wayar ta kashe.

Ɗaya daga cikin baƙin ya ce ai 'yan damfara sun yi yawa, shi ma jiya an kira shi wai ya ci mota. Sauran suka yi ta e, e, wallahi, suna kallon kofunansu. Matar ta ƙura wa labule ido. Ba su daɗe ba suka yi sallama.

Auta tana kwashe kofuna Baba ya ce, "Ajiye. Zo ki zauna."

Ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa.

"Wannan yarinyar ba daga wurin likitan waya ta kira ba. Ban taɓa jin sunan kamfaninsu ba. Ina ta samo?"

"Sayar musu aka yi, Baba."

"Sayarwa." Ya juya kalmar a baki kamar ya tauna tsakuwa. "Shi likitan, mutum ne?"

"A'a. Na'ura ce."

"To in na'ura ce, da sauƙi. Ba wanda ya ji ke nan."

Ta sunkuyar da kai. Tana iya cewa e, maganar ta mutu a nan. Amma ba ta taɓa iya yi masa ƙarya ba, ko tana ƙarama.

"Akwai masu ji."

Ya gyaɗa kai a hankali. Bai tambaye ta su waye ba, bai tambaye ta ko tana cikinsu ba, kuma har yau bai tambaya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Na ga tambarin wurin aikinki a jikin likitan wayar, shi ya sa na saki jiki. Na ce inda 'yata take ba za a ci amana ba."

Ta fashe da kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya miƙo mata wayar da yatsa biyu, kamar wanda ya ɗauko mataccen ɓera.

"Ki ce wa yayanki ya sayo mini wani layin. Wannan ya ƙazantu."

Lambar da ya yar ɗin, tun farkon zuwan wayar hannu yake da ita. Ɗalibai da abokan aiki da dangi na nesa duk ita suka sani, da yawa kuma ba su ƙara samunsa ba.

Da ya warware sosai ya koma bencin ƙofar shagon aski. Mai askin ne ya ba Yaya labarin abin da ya faru a ranar farko. Wai bayan an gama gaisawa da tsokana, Baba ya gyara murya ya faɗa wa abokansa ciwon da ya yi, da sunansa, ba kwana-kwana. Ya faɗa musu wanda ya kai wa kukansa, da inda kukan ya ƙare. Wasu suka yi salati, wani ya yi tsaki ya ce duniya ta lalace. Amma mutum biyu a cikinsu sai suka tsargu. Ɗaya ya tashi ya ce ya tuna ya bar famfo a buɗe. Ɗayan ya zaro wayarsa ya miƙa wa mai askin ya ce, "Don Allah duba mini, yaya ake cire wani abu a nan?"

Auta ta samu aiki a wata maɗaba'a, tana gyara rubutun katunan gayyata da littattafan makaranta. Albashin bai kai na da ba, kuma ƙarar injin tana sa mata ciwon kai. Kamfanin tallar kuwa ya tashi daga saman shagon tayoyi ya koma wani dogon gini mai lif.

Wata rana tana tsakiyar aiki Dogo ya kira ta. Ya gaishe ta faran-faran, ya tambayi jikin Baba, ya ce yanzu shi ne mataimakin manaja.

"Wata alfarma nake nema," ya ce. "Za mu fito da sabuwar manhaja ta mata masu juna biyu. Wanda muka ɗauka a madadinki rubutunsa kamar takardar sammaci, mata ba sa sakin jiki su yi magana. Ko kin san wata mai baki irin naki?"

Auta ta kashe wayar, ta kifa ta a kan tebur, ta jawo takardar da take gyarawa.